Ɗaliban da Ke Kai Ruwa Ƙauyukan Wasu Ƙasashe

  

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wasu ɗaliban jami'a masu koyon aikin injiniya a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai. Idan an ba da hutu, sai su ɗaure kaya su tafi ƙauyukan wasu ƙasashe masu nisa, su haɗa hannu da mutanen wurin a jawo ruwa ko a gina masai. Aikin sa-kai ne, ba a biyansu ko kwabo. Za mu ga yadda abin ya faro, da yadda ake yinsa, da dalilin da ya sa wani aikin ke ɗorewa wani kuwa ya mutu tun bai shekara biyu ba. A nan ne darasin yake, domin shi aikin ruwa ba ranar buɗe famfo ake auna shi ba, sai baƙi sun koma gida an ga ko ruwan yana nan yana zuba.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF sun yi ƙidaya, suka ce a shekarar 2022 mutane kimanin miliyan 2,200 ne ba su da tsabtataccen ruwan sha wanda za su samu a gida a duk lokacin da suka buƙata. Wajen miliyan 3,500 ba su da ingantaccen masai, a cikinsu kuma miliyan 419 a fili suke bahaya. Kwalara da taifot da zawon da ke kashe ƙananan yara duk ta wannan ƙofa suke shigowa.

Akwai kuma wata asara wadda ba a kwantar da kowa asibiti saboda ita. Jarka mai cin lita 20, nauyin ruwanta kilo 20 ne. A galibin ƙauyukan duniya mata da 'yan mata ne ke ɗaukar wannan kaya. Yarinyar da za ta yi sawu uku zuwa rafi kafin hantsi, yaushe za ta zauna gaban malami? Kun ga ashe rashin ruwa yana cin lafiya, yana kuma cin karatu.

Yadda abin ya faro

Tun a shekarar 1982 aka kafa wata ƙungiyar injiniyoyi masu aikin agaji a Faransa, irin ta likitocin nan da muke ji a rediyo ana kira Na-gari Na-kowa. Ta Kanada ta biyo baya a 2000. Amma labarin da ya fi shahara shi ne na Amurka.

A shekarar 2000 aka gayyaci wani shehun malami mai suna Bernard Amadei, wanda ke koyar da aikin injiniya a Jami'ar Kolorado, zuwa wani ƙauye da ake kira San Pablo a ƙasar Beliz. Ita Beliz 'yar ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, tana maƙwabtaka da Meziko da Gwatamala. Mutanen ƙauyen 'yan ƙabilar Maya ne, ba su da lantarki, ba su da famfo. Abin da ya fi tsaya wa malamin nan a rai shi ne ganin ƙananan yara, musamman mata, suna yini jigilar ruwa daga kogi maimakon zuwa makaranta.

Da ya koma gida bai bar maganar ta kwanta ba. Ya kai ta gaban ɗalibansa, suka zauna suka yi lissafi, suka zana. A 2001 ya koma ƙauyen da ɗalibai 8 da wani gogaggen injiniya, suka haɗa hannu da mutanen gari suka jawo ruwa da ƙarfin wani ruwan da ke faɗowa daga dutse kusa da ƙauyen. Duk abin da aka kashe bai wuce dala 14,000 ba. A 2002 aka kafa ƙungiyar Engineers Without Borders ta Amurka, ma'anar sunan ita ce injiniyoyin da iyakar ƙasa ba ta tsare su. Daga nan rassanta suka bazu a jami'o'i masu yawa, ɗalibai suka shiga zuwa ƙasashe irin su Gwatamala, Honduras, Peru, Kenya, Yuganda da Ruwanda.

Yadda ake gudanar da aikin

Kada ku zaci kwatsam ake tashi da diga da shebur. Abin hawa-hawa ne.

Da farko mutanen ƙauye ne ke neman taimako, galibi ta hannun wata ƙungiya ta ƙasarsu. Ƙa'idar da ƙungiyar Amurka ta daɗe tana bi ita ce, reshen da ya karɓi ƙauye zai yi alkawarin zama da shi aƙalla shekara 5, su kuma mutanen gari za su ba da wani kaso na kuɗin ginin daga aljihunsu, kamar kashi 5 cikin 100, ban da aikin gayya na haƙa da ɗibar yashi da tsakuwa. Hikimar a fili take: abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya zuba ido ya lalace.

Na biyu, tafiyar bincike. A wannan zuwa ba a aza ko bulo ɗaya. Ana zama da dattawa, ana zama da mata su kaɗai tunda su ne masu ɗibar ruwan, ana ƙidaya gidaje, ana auna tudu da gangare, ana ɗibar ruwan a gwada shi.

Na uku, su koma makaranta su yi wata da watanni suna zane da lissafi, suna kuma tara kuɗi ta hanyar gidauniya. Da yake su ɗalibai ne ba su ƙware ba tukuna, dole sai manyan injiniyoyi sun duba zanen sun sa hannu.

Na huɗu shi ne gini, tare da maginan gari. Na biyar kuwa, komawa bayan shekara ɗaya ko biyu a ga abin da ya rage yana aiki.

Ga misalin irin lissafin da suke yi, ku ma ku gwada a allonku. A ce ƙauye yana da mutum 500. Mafi ƙarancin abin da masana lafiya ke cewa mutum ɗaya na buƙata a yini don sha da girki da ɗan tsafta shi ne lita 20. Ke nan ƙauyen na son lita 10,000 kullum, wato jarka 500. To sai a je marmaro da bokiti mai cin lita 10 da agogo. Idan bokitin ya cika a minti ɗaya, a yini da kwana akwai minti 1,440, marmaron zai ba da lita 14,400. Ya isa har da rara. Amma fa da rani ake wannan awo, don wanda ya auna da damina ya yaudari kansa. Sannan sai a ƙara lissafin yaran da za a haifa nan da shekara 20.

Abubuwan da suke ginawa

A ƙasashe masu duwatsu, aikin da ya fi yawa shi ne jawo ruwa ta gangare. Ana samun marmaro a saman tudu, a gina masa akwatin siminti a rufe don kada dabbobi da ruwan sama mai datti su shiga. Daga nan a binne bututu ya gangaro zuwa babban tanki, daga tanki kuma a rarraba zuwa famfunan unguwanni. Babu inji, babu mai. Nauyin ruwan ne da kansa ke tura shi.

To idan ƙauyen ne a sama, ruwan kuma a ƙasa fa? A nan ne ake amfani da irin famfon da aka sa a San Pablo, wanda za mu iya kira famfo mai tunkuyi, don Turawa ma da sunan rago suke kiransa. Wani Bafaranshe mai suna Montgolfier ne ya ƙera mai aiki da kansa a 1796. Ga yadda yake. Ku ɗauka an tashi makaranta, yara sun kwaso a guje ta cikin zaure, sai aka rufe ƙofar waje bagatatan. Na baya za su danno na gaba, har matsin ya tura wasu ta wata 'yar ƙofa da ke gefe. Haka ruwa ke yi. Yana gangarowa cikin bututu da gudu, sai wani marfi ya rufe da kansa, ruwan ya yi karo, ƙarfin karon ya cusa kaɗan daga cikinsa a wani siririn bututu mai hawa tudu. Sai marfin ya sake buɗewa, a sake maimaitawa, dare da rana. Mafi yawan ruwan yana komawa rafi, kaɗan ne ke hawa, amma da yake ba ya hutawa, kafin gari ya waye tanki ya cika.

Inda ƙasa take shimfiɗe kamar tamu, sai rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa, ko mai aiki da hasken rana. Inda ruwan sama ke da yawa, sai a tara na rufin makaranta a tanki. Akwai kuma matatar yashi ta cikin gida, wadda ake jera tsakuwa da lallausan yashi a ciki, ruwa ya bi a hankali ya fito ya rage datti da ƙwayoyin cuta.

Ruwan alwala da ruwan sha

Ɗaliban da suka kai babin rabe-raben ruwa a Ishmawi sun san cewa ana duba abu uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan babu wanda ya jirkita, ruwan ya halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukunci ne na ibada, yana nan daram. Amma tambayar ko ruwan zai cutar da ciki wata tambaya ce daban, kuma ido da harshe da hanci ba su isa su amsa ta ba. Ruwa na iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa rabuwa da kayan gwaji.

Abin da ya faru a Bangaladash ya isa wa'azi. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a ƙasar don raba mutane da ruwan kududdufi, kuma lalle zawo ya ragu. Sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan da yawa daga cikin rijiyoyin yana ɗauke da wata guba ta cikin ƙasa mai suna asanik, wadda ba ta da launi ba ta da ɗanɗano, tana cin jiki sannu a hankali. Niyyar masu haƙa kyakkyawa ce, amma ba a gwada ruwan don wannan guba ba, kuma miliyoyin mutane sun sha.

Masai abokin rijiya

Duk wanda ya kawo ruwa ya bar mutane suna bahaya a bayan gari, rabin aiki ya yi. Ruwan sama zai kwaso ƙazantar ya kai rafi, ƙuda kuma ya kwaso ya kai kan tuwo. Addininmu ya riga ya hana biyan buƙata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ga shi ilimin likita ya zo yana bayyana abin da ke cikin hanin.

Irin masan da ɗaliban nan suka fi ginawa a makarantu shi ne mai bututun iska, wanda aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970. Rami ne da dakalin siminti, sai dogon bututu da ya tashi daga ramin ya zarce rufi, an ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta sama tana zuƙe wari ta fitar. Cikin ɗakin kuma ana barinsa da ɗan duhu, don haka ƙudan da ke cikin rami sai ya bi hasken da yake hangowa ta bututu, ya tarar da raga, ya mutu a nan. Ana so masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta ƙasanta, ba ta samanta ba. A bakin ƙofa kuma a ajiye ruwa da sabulu, ko toka idan babu sabulu.

Me ke kashe aikin?

Yanzu mun zo gaɓar da ta fi muhimmanci. Binciken da aka yi a lokuta daban-daban ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. Ku ma shaida ne, don da wuya a rasa mataccen famfo a unguwa ko ƙauyen kowannenku, awaki na kwance a gindinsa.

Sau da yawa abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba. Wata 'yar roba ce ta cinye, ko wani ƙarfe ya kwance. Amma babu wanda aka koya wa gyara, babu sifana, babu ko sisi a asusu, kayan gyaran ma sai a babban birni ko a ƙasar waje. Kowa na cewa famfon Turawa ne, su za su dawo su gyara. Mata kuwa sai su ɗauki tulunansu su koma rafin da suka baro.

Saboda haka masana da dama sun soki irin wannan tafiya ta ɗalibai, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sun ce kuɗin jirgin mutum 10 zuwa wata nahiya zai iya biyan maginan gari su yi aikin har a sami canji. Sun ce wanda ya zo na mako biyu bai san rigimar da ke tsakanin unguwa da unguwa a kan inda za a kafa famfo ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Sun kuma ce wani lokaci ɗalibin ne ya fi cin riba, ya koma da ilimi da hotuna, ƙauye kuwa ya tashi da abin da ba zai iya riƙewa ba.

Abin yabo shi ne wasu daga cikin ƙungiyoyin sun saurara. Ta Kanada, daga 2008, ta yi shekaru tana buga rahoto na musamman a kan ayyukanta da suka faɗi, tana bayyana dalili a fili don na baya su kiyaye. Da annobar korona ta hana tafiye-tafiye a 2020, ayyuka da yawa injiniyoyi da maginan ƙasashen ne suka ƙarasa su, ɗalibai na taimakawa da zane daga nesa, sai aka ƙara gane cewa ƙwarewa tana nan a gida.

Ayyukan da suka ɗore kuwa kusan kamanninsu ɗaya. Akwai kwamitin ruwa wanda mutanen gari suka zaɓa da kansu, da mata a ciki. Akwai ɗan abin da kowane gida ke biya duk wata, da ma'aji mai amana da littafin shiga da fita. Akwai mutum biyu ko uku da aka koya wa gyara aka bar musu kayan aiki. Kuma an zaɓi irin famfon da ake samun kayansa a kasuwa mafi kusa, ko da akwai wanda ya fi shi kyau a ƙasar waje.

Mu ma muna da gado

Kada wani ya ɗauka wannan tunani baƙo ne a gare mu. Lokacin da Musulmi suka yi ƙaura zuwa Madina ruwan daɗi ya yi musu wuya, Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma ya mai da ita ta kowa da kowa. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira, ta kashe dukiya mai yawa aka jawo ruwa daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa saboda alhazai, hanyar ruwan ta yi ɗaruruwan shekaru tana amfani, masu mulki na bi suna gyara ta zamani bayan zamani. Malamanmu suna lissafa rijiya cikin sadaka mai gudana. To ai sunan ma ya faɗi sharaɗin: sai tana gudana. Shi ya sa magabata idan sun yi waƙafi sukan naɗa mai kula da shi, su kuma ware abin da za a riƙa gyara da shi. Abin da injiniyoyin yau suka gano bayan faɗi-tashi, shi ne wannan.

Kuma aikin ruwa yana ci idan aka dage. Iyayenmu sun san kurkunu da yadda yake kwantar da magidanci da tsakiyar damina. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da wayar da kan jama'a ƙauye-ƙauye, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da shi.

Kira ga ɗalibai da iyaye

Ya ku ɗalibai, waɗancan samari da 'yan mata da yawansu ba addininmu suke bi ba, amma sun ɗauki abin da suka koya a aji sun kai inda ake buƙatarsa. Mu da aka fara karantar da mu da babin tsarki mu ne muka fi cancanta da haka. Ku riƙe karatun addini da kyau, ku kuma riƙe lissafi da kimiyya, kada ku ce na 'yan boko ne. Wanda zai auna marmaro ya zana tanki sai ya iya sau da rabawa. Ku 'yan mata, wannan magana har da ku, don babu wanda ya san wahalar ruwa kamar ku.

Ba sai kun hau jirgi ba kafin ku fara. Kowane aji ya duba randar makaranta: tana da marfi? Moɗa ɗaya ce ake ɗiba da ita ake kuma sha? Gugar rijiya a rataye take ko a ƙasa? Taku nawa ne daga masai zuwa rijiya? Akwai sabulu ko toka a bakin ƙofa? Ku rubuta abin da kuka gani ku kawo wa malamin ajinku.

Ku kuma iyayenmu, Allah Ya ƙara girma, idan wani bawan Allah ko wata ƙungiya ta zo za ta haƙa rijiya a unguwa, ku yi godiya ku yi addu'a, sannan ku yi tambaya kafin a fara. An gwada ruwan? Wa zai gyara idan ya lalace? A wace kasuwa ake samun kayansa? Nawa kowane gida zai riƙa bayarwa, kuma a hannun wa? Mai niyyar yin sadaka da rijiya don iyayensa da suka rasu, shi ma ya ware wani abu na gyara tun daga farko. Wanda kuma ƙarfinsa bai kai na sabuwa ba, ya nemi mataccen famfon unguwarsu ya tayar da shi, kuɗin kaɗan ne, masu sha kuwa suna da yawa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu amfani jama'a da shi, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.